Ƙullin Ƙasa

Mahaifina mai haƙar rijiya ne a Nguru. Kafin idonsa ya tafi, da wuya ka sami unguwar da ba a sha ruwan hannunsa ba, har daga Kumagannam da ƙauyukan Karasuwa ana zuwa ɗaukarsa a amalanke. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin rami, don haka abin da ya sani a duniya ƙasa ce. Zai murza ta tsakanin yatsu, ya sansana, wani lokaci ya ɗora a harshe, ya gaya maka gaba nawa ya rage a cim ma ruwa. Amma shi kansa ƙafarsa ba ta taɓa wuce Haɗeja ba.

Ni kuwa da ƙafar yawo aka haife ni. Na koyi gyaran agogo a bakin tashar jirgin ƙasa, sana'ar da duk kayan aikinta suke shiga gwangwani guda, kuma duk garin da ka sauka akwai mai mataccen agogo yana jiranka. Wani tela ya ɗinka mini jakar goyo da ragowar tamfol ɗin mota, mai igiya biyu. A farkon shekarun tamanin, ranar da zan fara fita, na durƙusa gaban Baba na tambaye shi tsarabar da yake so. Ya ce me makaho zai yi da tsaraba. Can ya nisa ya ce, "In ka je ƙasar mutane, ka kawo mini ƙasar."

Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce irin tasa. Sai na ga ya laluba bakin ƙofar zaure ya ɗebi ƙasa kaɗan, ya yagi gefen tsohon rawaninsa ya ƙulle, ya miƙo mini. Ya ce ga tawa nan, in riƙe don kada in manta ƙanshin gida. Wannan ƙullin ban taɓa sa shi a jaka ba, kullum yana aljihun gaban rigata.

Haka lissafina ya soma. Matafiya na gaske suna nuna hatimin fasfo, ni kuwa rabin iyakokin da na ƙetare a saman buhunan albasa na ƙetare su, babu wanda ya tambaye ni ko sunana. Ko da an buga hatimin ma, Baba ba zai gan shi ba. Don haka duk ƙasar da na shiga sai in nemi wurin da ba a tattake ba, in ɗiba cikin tafin hannu, in ƙulle a tsumma. Idan na dawo, kafin in sha ruwa, zai miƙo tafin hannunsa. Ta Nijar ya ce ai wannan ƙanwar tamu ce, in daina yi masa wayo. Ta bakin teku a Togo ya ɗanɗana ya tofar, ya yi ta jajanta wa masu haƙar rijiyar can kamar ya san su. Ta Gana ja ce mai danƙo, ya ce wannan ko ba siminti za ta riƙe bangon rijiya, ya kwana biyu yana murza ta. Daga nan ya mayar ya ƙulle, ya jefa a wata tsohuwar kwalla da ke ƙarƙashin gadonsa.

Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya sha kallon kwallar nan. Mutanen gari a wurinsu ni sakarai ne da ya ƙi zama ya yi aure, amma Baba zai buɗe murfi ya ce ga ƙasashen da ɗansa ya taka, ya kira su ɗaya bayan ɗaya da hanci, bai taɓa kuskure ba. Ban san wani abu da na taɓa yi a rayuwata da ya sa shi alfahari ba in ban da wannan.

Cikin waɗanda suka fi raina ni akwai mijin yayata, wani Alhaji a Gashua, jikan fataken Haɗeja, mai cinikin shanu da fata. Ya taɓa nema in zauna masa a rumfa na ƙi, bai yafe mini ba. Mai jaka yake kirana. Yakan ce shi ma ya fita waje, ƙasa ɗaya, wadda ta cancanci a je, kuma a jirgin sama ya je ƙafarsa ba ta yi ƙura ba. Ina barinsa ya yi abinsa, saboda Yaya.

Lokacin da zan yi doguwar tafiyata ta gabas, ta Gashua na bi. Yaya ta ga rigata ta mutu a kafaɗa inda igiyar jaka take ci, sai ta buɗe adaka ta zaro wata tsohuwar shuɗiyar shadda ta mijinta da ya daɗe da daina sawa, ta cusa mini a jaka. Ba ta gaya masa ba, don ta san halin kayanta: gara asu ya ci da a ce mai jaka ya sa. Rigar nan ta yi mini aiki fiye da shekara. Ita ce rigata, ita ce mayafina, da ta ƙare kuma ita na riƙa yaga ina ƙulle ƙasa.

Na ɗebo ta Kamaru a kan tudu, ja wur. Na ɗebo ta Afirka ta Tsakiya a cikin kurmi, baƙa mai sanyi, tana ƙanshin ruɓaɓɓen ganye, irin wadda na tabbata Baba bai taɓa jin kamarta ba. Na shiga kwalekwale na haye wani ƙaton kogi zuwa Zayar, wato Kwango, ni da ban iya ruwa ba, ba don komai ba sai don tafin hannu guda. Ta Chadi kuwa a gaban soja na durƙusa na ɗiba, ya saita mini bindiga, na ce masa taimama zan yi. Duk dare a masauki ina taɓa ƙullin nan ta bayan jaka, ina raya abin da Baba zai ce a kan kowanne.

A Maiduguri na haɗu da wani ɗan garinmu mai kai kifi, ya ce in na ga dama in yi sauri, tsoho ya kwanta, ya daina cin tuwo, kuma ba ya tambayar kowa sai ni. Motar da na samu ta bi ta Dapchi, ta sauke ni Gashua da la'asar sakaliya, ta Nguru sai da safe. Na kwana a zauren Alhaji.

Shekarar fari ce. Shanun da ya saya ya tara suna ta faɗuwa a garke, ƙafarsa ta dama kuma ta kumbura an rasa dalili. Da safe na bar jakata a zaure na shiga kasuwa neman zuma don Baba. Ina dawowa na tarar da taro a ƙofar gida, har da bulaman unguwa. Jakata tana ƙasa a buɗe, kayan agogona a warwatse, ƙullin ƙasata huɗu an jera su a kan faifai kamar kayan shaida. Daga baya Alhaji ya ce wai wiwi yake nema, don ya ji 'yan yawon duniya ba sa rabuwa da ita.

Ya nuna faifan da sanda ya tambayi jama'a ko akwai wanda bai san wannan shaddar ba. Kowa ya san ta, ya yi salloli da ita. Ya sa aka kwance guda, ga ƙasa. Wani tsoho a gefe ya ce ƙasar sawu ce, shi ke nan magana ta ƙare. A wurinmu kowa ya san abin da ake nufi idan aka ɗebi ƙasar da mutum ya taka aka ƙulle a tufarsa. Ga shanu suna mutuwa, ga ƙafa ta kumbura, me kuma ake jira?

Na yi bayani tiryan-tiryan. Na kira sunan kowace ƙasa, na faɗi maganar Baba da kwallarsa. Wasu suka yi dariya.

"Ƙasa ta ƙare ne a Nguru," in ji Alhaji, "da za ka je Kwango ka ɗebo wa makaho?"

Na ce a tambayi Yaya yadda rigar ta zo hannuna. Tana nan bayan asabari, ina ganin ƙafafunta. Ba ta ce uffan ba. Bulama ya so a aika Nguru a tambayo, Alhaji ya ce ba zai ƙara kwana da abin nan a doron ƙasa ba, sai an zuba shi a ruwa mai gudu. A nan na yi abin da ban taɓa yi wa wani namiji ba in ban da ubana, na durƙusa. Na ce, "Alhaji, riƙe tsummanka, ƙona shi in ka so. Zuba mini ƙasar a takarda. Tsohon nan ba zai kai wata tafiyar ba." Ya ce a ji shi, har yanzu roƙon kayan tsafinsa yake.

Kogin Gashua a shekarar nan ya janye ya koma ɗan siririn zare a tsakiyar yashi. Muka taka har can, ni a baya mutum biyu suna riƙe da ni. Alhaji ya riƙa kwance ƙullin da hannun hagu yana karanta addu'a yana zazzagewa. Ta Kamaru ce ta fi daɗewa a ido, ta yi jan tabo a kan ruwa ta bi gangara. Da ya gama ya wanke hannu har gwiwa, ya ce in ɗauki jakata kada ya sake ganina a ƙofarsa.

Na iso Nguru da azahar. Baba ya rame ya zama kamar kara, amma da ya ji muryata ya sa aka tayar da shi aka jingina, ya miƙo tafin hannu. Na gaya masa duk abin da ya faru. Bai janye hannun ba. Ya ce in kakkaɓe jakar. Na juye ta na bubbuga, ɗan gari-garin da ya tsiyaye daga ƙullin a hanya ya taru, bai kai cikin cokali ba, na zuba masa. Ya murza, ya sansana, ya daɗe. Ya ɗora a harshe. Ya sake sansanawa.

"Sun cuɗe, ɗan nan," ya ce. "Ban gane kowa ba. Ko kuwa hancina ne ya riga ni tafiya."

Na rantse masa ba hancinsa ba ne. Ya ce a kwantar da shi. Bai ƙara tambayar kwallar ba, kuma watan bai ƙare ba muka kai shi makwancinsa. Mutumin da abu ɗaya ya rage masa a duniya da yake taƙama da shi, ya tafi yana shakkar abin. Wannan ne ban yafe ba, kuma har yau da nake rubutun nan da furfura a gemuna ban yafe ba.

Alhaji ya zo zaman makoki, dole ya zo, surukinsa ne. Ina zaune a gefen tabarma ina tunanin ko in fasa masa kai da taɓarya ko in bar shi da Allah. Ya cire takalmi zai hau tabarma, ƙafarsa ta sauka a kan rairayi ta bar sawu, yatsu biyar raɗau. Idona kawai ya faɗa wurin, ba da wata niyya ba. Sai na ga ya dube ni, ya dubi sawun, ya yi maza ya goge shi da gefen ƙafa. Sannan ya ɗaga hannu yin addu'a.

A nan na gane abin da ban gane ba a bakin kogi. Na ɗauka wulaƙanci ne kawai ya shirya mini. Ashe mutumin nan ya yarda da maganarsa har cikin ƙashinsa, tsorona yake ji. Na sa hannu a aljihu na fito da ƙullin da Baba ya ba ni ranar fitata ta farko, ƙasar bakin zaurenmu a cikin yankin rawani, na riƙa juya shi a hannu kamar carbi. Alhaji bai iya cin abincin sadaka ba ranar.

Ban taɓa yi masa ƙarya ba, wannan ina so a sani. Ban taɓa cewa na yi masa wani abu ba, ban taɓa zuwa wurin boka ba, ban san ma hanyar gidansu ba. Abin da na yi kawai shi ne na mayar da teburin agogona Gashua duk ranar kasuwa, daura da rumfarsa. In ya zo wucewa in miƙe in gaishe shi da ladabin da ko hakimi albarka: Alhaji an tashi lafiya, ya jiki, ya ƙafa. Sai dai idona ba ya kan fuskarsa, yana kan ƙafafunsa. Ƙullin kuma yana kan tebur kusa da gwangwanin kayan aiki.

Sauran aikin shi ya yi wa kansa. Ya koma sa takalmi sau-ciki da safa a tsakiyar bazara. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi daga ƙofar gidansa har inda yake ajiye mota. Ya daina shiga kara, kasuwar shanu, don ƙasar wurin tana da laushi tana riƙe sawu, sai ya riƙa aika dillalai, su kuwa suka samu nama suka yi ta yanka. Masu duba suka cinye masa raguna, kowanne ya tabbatar masa cewa lallai saura ƙulli guda, kuma shi ne uban sauran. Wata rana wani ɗan ƙaramin noti ya suɓuce mini ya faɗi kusa da inda ya tsaya, na sunkuya na tsince shi tare da 'yar ƙasar da ta biyo yatsuna. Mako guda bai fito ba. Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba, har tsire na saya.

Ban daina tafiya ba. Nakan ɗauki jakata in ɓace wata da watanni, kuma wannan ya fi gigita shi, don a ganinsa manyan bokaye na tafi nema. Abin da bai sani ba shi ne na daina ɗibar ƙasa. Wa zan kawo wa? Na shiga wurare da yawa a shekarun nan, wasu ma ban tabbata ko na haye iyaka ko ban haye ba, kuma ban damu in sani ba. In ka tambaye ni yau ƙasa nawa na taka, abin da ke cikin kwallar Baba kawai zan iya rantsewa a kai.

Yaya ta zo mini har Nguru tana kuka. Ta ce ta gaya wa Alhaji gaskiyar rigar, ya ce ita ma na shanye ta. Ta roƙe ni don darajar nonon da muka sha in kwance ƙullin a gabansa ya ga babu komai. Na tausaya mata, ita ta goya ni. Amma na tambaye ta ina bakinta yake ranar da nake durƙushe a ƙofar gidanta. Ta tashi ta tafi ba ta sha ruwan da aka kawo mata ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin Alhaji da kansa ya zo. Ina zaune a zauren Baba ina gyaran wani agogon bango sai na ji sallama. Da ƙyar na gane shi, babbar riga tana yawo a jikinsa. Ya ajiye ƙwaryar goro, ya zauna a ƙasa ba a kan tabarma ba, ya ce ya zo ne in faɗi abin da nake so, kome ne ne, in kwance shi.

Na ce ba na son goro, ba na son saniya. Na jawo kwallar daga lungu na buɗe masa, na ce akwai gurbin ƙulli huɗu a ciki. Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Zayar, Chadi. Ya je da ƙafarsa, ba aike ba, ba jirgin sama ba, ya ɗebo ya cike. Ranar da na huɗu ya shiga kwallar nan, zan kwance na aljihuna a tafin hannunsa.

Na zaci zai zage ni ya tafi. Sai ya tambaye ni wacce ta fi kusa.

Bayan damina ya dawo. Fuskarsa ta yi baƙi, leɓɓansa sun tsattsage, ya ce kwana biyu motarsu ta yi a kafe cikin firgi, baƙar laka ta wajen Gamboru, garin ƙarshe kafin a shiga Kamaru. Ya ciro farin hankici a ƙulle daga aljihu da hannu biyu, ya ce ta Kamaru ce, ya haye gada ya yi tafiya mai nisa kafin ya ɗiba, ya rantse da abin da zai kashe shi.

Na miƙa tafin hannu ya zuba. Baƙa ce mai danƙo, irin wadda take shimfiɗe a gaɓar nan da waccan duka. Na murza ta tsakanin yatsu yadda na ga ana yi tun ina yaro. Na sansana. Na ɗora a harshe. Yana durƙushe yana kallon bakina, ni kuma ina jiran ƙasar ta gaya mini wani abu. Ba ta ce komai ba, ƙasa ce kawai. Mai yiwuwa ya haye gadar, ina ma zaton ya haye. Mutum ɗaya ne a duniya da zai iya faɗa, shi kuwa yana kwance a bayan gari, ya tafi yana zargin hancinsa.

Na mayar masa a hankicinsa, na ƙulle da kyau, na miƙa masa.

"Wannan ta Gamboru ce, Alhaji. Ba ka haye ba. Koma."

Bai yi musu ba. Ya karɓa ya sa a aljihu, ya dafa bango ya miƙe. Ina zaune ina kallonsa ya fita da baya-baya, yana goge sawunsa da gefen takalmi tun daga bakin zauren Baba har titi.